Ruwan Zafi na Tafadek

Yaron da aka haifa a Haɗejiya ya kan girma har ya isa shiga makaranta bai taɓa ganin dutse a inda Allah ya dasa shi ba. Dutsen da ya sani shi ne na niƙa, da tsakuwar da mota ke zubarwa in za a yi ginin siminti, su kuwa duka baƙi ne, daga nesa a ke kawo su. Ƙasar a shimfiɗe ta ke kamar faifai. In mutum ya fita bayan gari ya dubi gabas, ba abin da zai tare masa ido sai goruba da 'yan tuddan rairayi. Amma fa ruwa, nan ne gidansa.

Kogin Haɗejiya ba a ƙasar Haɗejiya ya ke farawa ba. Koguna biyu ne, na Kano da na Calawa, su ke haɗuwa kudu da birnin Kano, su biyo ta Wudil da Ringim, su iso nan. Da ruwan ya iso sai ya rasa gangare, ya rarrabu, ya bazu cikin fadamu, yana tafiya sannu sannu har ya sadu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa, sa'an nan su nufi Tafkin Cadi. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974, da ta Calawa cikin 1992, cikar kogin ta sake hali, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Duk da haka, da ruwan nan a ke noman shinkafa, da shi a ke su, da shi a ke kiwo.

A wani ƙauye na bakin fadama, gabas da Haɗejiya, an yi wani tsoho masunci. Tun yana ɗan shekara goma ya ke hawan gora. Wanda bai san sun gora ba ya kan ɗauka wasa ne. Mutum zai kifa cikinsa bisa ƙatuwar gora, ƙafafunsa na cikin ruwa yana tuƙi da su, hannunsa riƙe da koma, in ya kama tarwaɗa ko karfasa ya jefa cikin gorar. Da bazara abin da daɗi. Amma da hunturu, sa'ad da hazo ya kwanta bisa ruwa, mutum ya kan fito haƙoransa suna kaɗawa. Haka tsohon nan ya yi shekara fiye da hamsin, har gwiwoyinsa suka fara ƙi. Ya zamana ba ya iya durƙusawa, salla ma sai a zaune.

Mutanen ƙauye suka ce sanyin ƙashi ne. Ɗansa ya kai shi asibiti. Likita ya duba, ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ya cinye don shekaru da wahala, ba ya kuwa sake tsirowa. Ya ba shi magani, ya ce ya bar shiga ruwan sanyi. Tsoho ya karɓa ya yi godiya, amma ransa bai kwanta ba, gama masuncin da aka raba da ruwa, me ya rage masa?

Ana nan, ran nan sai ga wani Buzu makiyayin raƙuma, irin waɗanda su ke gangarowa fadama da rani, ya zo sayen busasshen kifi. Ya ga yadda tsohon ya ke tashi da ƙyar, sai ya ce, "Baba, da a ƙasarmu ka ke, da tuni an kai ka Tafadek."

Tsoho ya ce, "Wane ne Tafadek? Boka ne?"

Buzu ya yi dariya cikin rawaninsa, ya ce, "Ba mutum ba ne, ruwa ne. Daga cikin dutse ya ke fitowa da zafinsa, ba wanda ya hura masa wuta."

Tsoho ya ce, "Ɗan'uwa, na kwana cikin ruwa na tashi cikin ruwa, ban taɓa jin wanda ya yi zafi ba tukunya ba."

Buzu ya ce, "To, gani ya kori ji."

Maganar nan ta zauna masa. Ɗansa ya yi ya yi ya hana shi, ya ce tafiyar da nisa, ga kashe kuɗi, ga shi likita ya riga ya faɗi gaskiya. Tsoho ya ƙi. Ya sayar da awakinsa biyu da buhun shinkafa, abin da ya kamata ya kai gidan ga damina. Da aka ga ba makawa, sai aka haɗa shi da jikansa, ɗan aji shida, don shi ya iya karatu da lissafin kuɗi. Aka jira hutun watan Disamba, suka kama hanya.

Suka bi ta Malam Madori da Gumel, suka ƙetare iyaka a Maigatari, suka shiga ƙasar Nijar. A Damagaram yaron ya fara ganin duwatsu, manya manya, an ɗora wani bisa wani a tsakiyar gari. Ya ce, "Kaka, wa ya jera waɗannan?" Tsoho ya ce, "Abokina, ka tambayi wanda ya sani. Ni ma yau na zo duniya." Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne, ta Tanut. Suna tafiya gonakin gero suna raguwa, itatuwa suna gajarta, har ƙasa ta koma fili fetal, sai ƙaya da raƙuma.

Agadas tana gindin duwatsun Azbin ta wajen kudu. Ruwan saman da ta ke samu a shekara bai kai sulusin na Haɗejiya ba. Abin da baƙo ya ke fara hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, itatuwa sun fito ta jikinta kamar ƙayar bushiya. An gina masallacin wajen 1515, aka sake gina shi cikin 1844. Tun ƙarni na 15 Sarkin Azbin ya ke zaune a garin nan, don nan ne mahaɗar ayarin da ke fitowa daga arewa da wanda ke tasowa daga ƙasar Hausa. Kantun gishirin Bilma, wanda a ke sayarwa a kasuwannin Kano da Haɗejiya, mutanen Azbin su ke ɗauko shi bisa raƙuma, su kawo, su koma da gero da tufafi.

Yaron ya taho da fargabar yadda za su yi magana da mutane. Sai ya ji a tasha ana kiran motoci da Hausa, a kasuwa ana ciniki da Hausa, tsofaffin mata a ƙofar gida suna gaisawa da Hausa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihi. Gobirawa sun ce a Azbin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba Fulanin Haɗejiya tuta, ya zauna a Agadas yana karatu wajen malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya sauka garin cikin 1850, ya tarar da Hausa a ke ciniki. Sarakunan Hausa kuwa tun da can ba dokin da su ke alfahari da shi kamar ɗan Azbin, musamman bagazam, wanda ya samo sunansa daga Dutsen Bagazam. A kan dutsen nan ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar ta ke, mita 2,022 bisa teku. Haɗejiya kuwa kimanin mita 350 kaɗai ta ke.

Wahala ma kusan tare ta same su. Cikin 1906 ne sojan Ingila suka ci Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya yi shahada, cikin shekarar nan kuma Faransawa suka zauna sosai a Agadas. Bayan shekara goma wani jarumin Azbinawa, Kawusan, ya kewaye barikinsu tun daga Disamba 1916 har Maris 1917. Da Faransawa suka sami gudummawa suka karya shi, sai suka huce haushinsu kan talakawa da malamai. Ƙauyukan cikin duwatsu da yawa suka watse, mutanensu suka gudo ƙasar Hausa, zuriyar waɗansu tana nan har yau.

Kwana biyu suka yi a Agadas, sa'an nan suka sami motar da ke zuwa Tafadek, kimanin kilomita 80 arewa da garin. Aka bi hanyar Arlit, aka ratse, aka shiga duwatsu. Nan fa yaron ya yi shiru. Duwatsu ne baƙaƙe da jajaye, tsirara, ba ciyawa ba inuwa, kamar an ƙone ƙasar jiya. Amma tsakaninsu akwai ƙoramu busassu masu farin rairayi, a bakinsu ga goruba, irin ta gida sak. Tsoho ya gan ta ya ce, "Ke ma kin zo neman magani?" A bakin ƙoramun nan ne mutanen Azbin su ke yin lambuna. Ruwa yana kwance ƙarƙashin rairayi, su haƙa rijiya, raƙumi ko sa ya ja guga, ko kuwa inji, su shuka albasa da alkama da masara da dabino. In an yi ruwa mai ƙarfi bisa duwatsu, ƙoramar da ta yi wata goma a bushe ta kan taso farat ɗaya. Cikin Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle ta rushe dubban gidaje a Agadas, abin da mutumin Haɗejiya ya san zafinsa sarai.

Tafadek ba birni ba ne, ɗan ƙauye ne cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi. Ba fada, ba ganuwa, ba babbar kasuwa. Abin da ya tara mutane wurin marmaro ne kaɗai, wanda ya ke ɓuɓɓugowa dare da rana, rani da damina. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, ruwa kuwa ya kan tafasa a digiri 100. Na Tafadek ya kai digiri 50, ko ya ɗara. Da asuba, sa'ad da sanyin dutse ke ratsa bargo, sai a ga tururi yana tashi daga gare shi. An kewaye wurin wanka, maza da nasu lokaci da wuri, mata da nasu. Masu zuwa kuwa iri iri ne: Buzaye, da Hausawa, da Fulani, da Larabawa, wani da ciwon gaɓoɓi, wani da ciwon baya, wani da ƙaiƙayin fata, wani kuma an ɗauko shi ne ba ya ko iya takawa. Mutanen wurin suna sayar musu da itace da nono da abinci, suna ba su masauki. Watau ciwon baƙi shi ne kasuwar ƙauyen.

Tsoho ya tsaya bakin ruwan, ya sa yatsa, ya janye da sauri. Ya sake sawa. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Buzu ya yi gaskiya. Allah ya gafarta mini, na ƙaryata shi a zuci."

Yaro ya ce, "Kaka, ina wutar ta ke?"

Ya ce, "Ikon Allah ne, abokina."

Ikon Allah ne kam, amma ruwa ba ya zafi banza, akwai hanyar da abin ya ke bi. Cikin ƙasa da zafi. Masu haƙar ma'adinai sun auna sun ga, in ana nutsawa ƙasa, kowace mita 30 ko 40 zafi ya kan ƙaru da digiri ɗaya. To, ɗan ruwan saman da ke sauka bisa duwatsun Azbin, wani ya kan gudu cikin ƙoramu, wani rana ta shanye, wani kuwa ya sami tsaga ya zurara. Yana zurarawa yana ɗaukar zafin duwatsun da ya ke ratsawa, yana kuma narkar da ɗan gishirin da ke jikinsu. Tafiyar ba ta kwana ɗaya ba ce, ba ta shekara ɗaya ba. In ya yi nisa ƙwarai, ya tarar da wata tsagar da ta miƙe zuwa sama, sai nauyin ruwan da ke bayansa ya turo shi, ya fito da sauri tun bai huce ba. Don haka ne a kan sami irin wannan marmaro a ƙasar duwatsu, inda ƙasa ta tsattsage. A fadamar Haɗejiya kuwa, laka da rairayi ne suka yi kauri bisa dutsen ƙarƙashi, ruwan rijiya kuma kusa ya ke, bai yi zurfin da zai ɗauko wuta ba.

Akwai kuma wani abin da yaron bai sani ba sai daga baya. Duwatsun nan ba bare ba ne ga ƙasarsa. Masana ilmin duwatsu sun gane cewa akwai wani jeri na duwatsu iri ɗaya, wanda ya taso daga Azbin, ya biyo ta ƙasar Damagaram, ya ɓullo a Dutse da Shira da Riruwai, ya kai Jos. Dukansu daga narkakken dutsen da ya taso daga cikin ƙasa suka samu. Na Azbin su ne yayye, an ƙiyasta sun haura shekara miliyan 400, na Jos kuwa ba su kai miliyan 200 ba. Shaidar zumuncinsu ita ce kuza: an haƙe ta a Elmeki cikin Azbin, an haƙe ta a Riruwai da Jos. Daga duwatsun wajen Riruwai Kogin Kano ya ke tasowa, Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos. Ashe ruwan sanyin da tsohon ya yi rayuwarsa a ciki, daga wajen ƙannen Azbin ya ke zuwa.

Ba Tafadek kaɗai ke da irin wannan ruwa ba. A Nijeriya akwai Wikki cikin dajin Yankari, amma shi ɗumi gare shi kawai, digiri 31. Akwai Ikogosi a Jihar Ekiti, inda marmaro mai ɗumi ya ke saduwa da mai sanyi. A Ingila har akwai birni sukutum mai suna Bath, watau wanka, inda Rumawa suka gina ɗakunan wanka bisa marmaro mai zafi kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Can an yi manyan masaukai da tituna saboda masu zuwa. Tafadek ba ta sami wannan ba. Nisa ya hana, rashin zaman lafiya ma ya hana. An yi tawaye a arewacin Nijar daga 1990 zuwa 1995, aka sake yi daga 2007 zuwa 2009, an kuma rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga 2023 zuwa 2024. Duk sa'ad da hanya ta ɓaci, baƙi su ɗauke ƙafa, ƙauyen ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Tsoho ya fara wanka. Waɗanda suka riga shi zuwa suka koya masa yadda a ke yi: a shiga a hankali, kada a daɗe, a fito a lulluɓa da bargo a yi gumi, a sha ruwa da yawa. Ran farko, da ya ke ya saba da ruwa, ya raina gargaɗinsu ya zauna ya daɗe. Da ya miƙe sai jiri ya kwashe shi, da ba don wani Bafillace ya tare shi ba da ya fāɗi bisa dutse. Yaron ya tsorata, ya fashe da kuka. Tsoho ya farfaɗo ya ce, "Kai, bar kuka. So ka ke in mutu ka gaje amaryata? Ba yanzu ba." Daga ran nan bai ƙara gardama ba. Ruwan zafi ya kan buɗe hanyoyin jini, bugun zuciya ya ƙaru, shi ya sa mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mace mai ciki, bai kamata su shiga ba sai da yardar likita. Mai gyambo kuwa, ko wata cutar fata mai yaɗuwa, in ya shiga inda jama'a ke wanka, ya ɗauki alhakin mutane.

Ran kwana na huɗu ya ji gwiwa ta fara saki. Ran na shida ya taka har bakin ƙorama ba sanda. Ran na bakwai da magariba, yaron na tsaye bayansa cikin sahu, sai ya ga kakansa ya sunkuya, ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa, abin da rabonsa da yi shekara uku. Da aka sallame tsohon bai tashi ba, ya ja rawani ya rufe fuskarsa.

Nan ne ya kamata a yi hankali da magana, don masu komowa daga irin wuraren nan sun cika ƙari. Zafi yana sassauta jijiyoyi, yana rage raɗaɗi. Ruwa yana ɗauke nauyin jiki, gaɓa ta sami damar motsi. Ga kuma hutu, ga abokan hira masu ciwo irin naka. Waɗannan duka magani ne na gaske, ba wanda zai raina su. Amma guringuntsin da ya cinye bai komo ba, likita bai yi ƙarya ba. Cikin waɗanda suka tarar a Tafadek akwai wata tsohuwa da 'ya'yanta suka kawo tana fama da tari da rama, wadda asibiti ya kamace ta tun da wuri. An koma da ita yadda aka kawo ta, sai abin da ya ƙaru na gajiyar hanya.

Kwana goma suka yi, guzuri ya ƙare, suka juyo. Da za su taso yaron ya tsinci wani baƙin dutse mai sulɓi, kamar girman ƙwallon goruba biyu, ya jefa cikin jaka don ya nuna wa 'yan ajinsu.

Tsoho ya yi sauran hunturun nan da bazara yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Mutane suka yi ta zuwa kallo, har waɗansu suka fara lissafin awakinsu. In sun tambaye shi, ya kan ce, "Wata biyar na saya da akuya biyu da buhun shinkafa. Ni dai ban yi hasara ba. Amma kowa ya duba rumbunsa tukuna." Ɗansa bai ce kome ba, gama shi ya ciwo bashin hatsin da aka ci da bazarar nan.

Da damina ta sauka, kogi ya kawo, ciwon ya komo. Bai ƙara hawan gora ba, ya bar wa ɗansa, shi kuwa ya koma gyaran koma da saƙar mali a zaure. Dutsen ya yi mako guda a makaranta, yara suna ta shafawa, malami ya sa suka nemo Agadas cikin taswira. Sa'an nan tsohon ya aika a karɓo masa kayansa. Kullum da dare sai matarsa ta tura dutsen cikin tokar murhu, in ya yi zafi ta ciro da mara, ta naɗe shi da tsumma, ta miƙa wa yaron ya kai zaure. Tsoho ya ɗora bisa gwiwar dama, in ta lafa ya mayar bisa ta hagu.